Goggo Mai Tsada da Ƙafafun Ummata

Kafin sauran shagunan layinmu su buɗe, Goggo ta riga ta ɗora tukunya a kan risho. Kayan aikinta ne a ciki: ƙananan almakasai, da abin datse farce, da wani siririn ƙarfe da take ɗaga gefen farce da shi. Suna tafasa tana shara. Ta kwaso tawul ɗin da ta shanya jiya a bayan shago ta ninke, ta jera robobin jiƙa ƙafa, ta goge kujerar baƙi, sannan ta jawo 'yar kujerarta ta tsugunno, wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Sai ta sa tabarau ta zauna tana jiran wadda Allah zai kawo. Haka na same ta ranar da na fara kai mata Ummata, haka kuma take har makon jiya da ta ajiye aiki.

Gyaran farce ne sana'arta, na hannu da na ƙafa, amma an fi saninta da ƙafa. Yaro da babba Goggo suke ce mata. In ana so a bambanta ta da sauran goggonnin unguwa sai a ce Goggo Mai Tsada. Da gatse aka laƙaba mata sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu. Ko daga tsallaken titi aka kira ta da shi sai ta ɗaga hannu ta amsa.

Ranar da ta ajiye aiki mata sun cika shagon, kowacce ta faɗi alherin da ta sani. Da aka zo kaina na miƙe, sai na koma na zauna ban faɗi nawa ba. Abin da na kasa faɗa ne nake rubutawa a nan. Da na gaya wa Goggo zan rubuta, ta ce ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: in sa har da abin da ya sami yatsan Ummata. In ba zan sa ba, in bar rubutun gaba ɗaya.

Ummata ta yi shekaru tana share ofisoshi, a tsaye take wuni. Da ciwon suga ya kama ta, ƙafafunta suka daina ji sosai. Tana iya taka ƙusa ba ta sani ba sai ta ga jini a ƙasa. Faratanta suka yi kauri suka lanƙwashe, na babban yatsa ya fara shiga nama. Nas ɗin da ke duba ta a asibiti ta ja mana kunne, ta ce kada Umma ta ƙara sa reza a ƙafarta, ni ma kada in gwada, domin ɗan yanka a irin wannan ƙafa yana iya ƙin warkewa har a kai ga yanke ta. Ita ce ta kwatanta mana shagon Goggo.

Umma ba irina ba ce, bakinta ba ya hutawa. Tun daga bakin ƙofa ta tambayi nawa ake yanka. Goggo ta ce ta shigo ta zauna tukuna. Umma ta ce ita ba ta zama a kujerar da ba ta san kuɗinta ba. Goggo ta ce ita ma ba ta yi wa ƙafar da ba ta gani ba kuɗi.

"To ga ta nan, kalle ta da kyau," in ji Umma, ta ɗaga ƙafa har da silifa.

"Wannan ai busasshiya ce, baiwar Allah. Bari ta sha ruwa mu ji gaskiyarta."

Ƙa'idarta ke nan, kuma ita ta jawo mata suna. Sai ƙafa ta jiƙu a ruwan ɗumi da sabulu, farce ya yi laushi, kaushi ya tashi, sannan ta ɗora ta a cinya bisa tawul, ta bi yatsa bayan yatsa, ta ga aikin da ke gabanta, ta faɗi kuɗi. Ƙafar budurwa mai lafiya kuɗinta kaɗan ne. Irin ta Umma, wadda sai an bi ta a hankali kamar ana ɓare dafaffen ƙwai, kuɗinta ya fi. In kin ji kuɗin kin ce ya yi miki yawa, za ta tsane miki ƙafa ta shafa miki mai ki tafi, ba za ta karɓi ko kwabo na ruwan ba, ba kuma za ta ɓata rai ba. Amma ba ta ragi. Telar da ke ɗinki a rumfar gefenta ta ce duk zamanta a layin ba ta taɓa ganin wadda ta ci Goggo da ciniki ba.

A ranar nan Umma ta yi ciniki har ta gaji, ta biya tana mita. Da muka fito kuwa sai ta ce min takalminta ya ƙara girma, ashe duk shekarun nan farce ne ya cinye mata wuri. Daga nan suka zama ƙawaye. Goggo tana ce mata Maman Shiru, saboda ni da nake zama a lungu ban cewa komai, Umma kuma ba ta da sunan da take kiranta da shi sai Mai Tsada.

Goggo, ke ce kike ɗora a cinyarki ƙafar da 'ya'yan mai ita suke kau da kai in an cire mata safa. Ban taɓa ganin kin yatsina fuska ba. Kina aiki kina tambayar jikoki da sunansu, kina tuna wadda mijinta ke kwance da wadda 'yarta ta kusa haihuwa. Tsofaffi da yawa a kujerarki kaɗai ake taɓa su da hannu mai taushi a duk wata. Wasu barci yake ɗauke su kina cikin aiki, ki gama ki bar su su ɗan ƙara.

Ana nan sai aka buɗe sabon shago a tsallaken titi, daidai saitin nata. 'Yan mata biyu ne, shagonsu na gilashi, da kiɗa, da wata fitila da ake sa hannu a ciki jan farce ya bushe nan take. Kuɗinsu a rubuce yake a allo a bakin ƙofa, kuma bai kai rabin na Goggo ba. Ba zan zage su ba. Su ma haya suke biya, su ma akwai masu jiransu a gida, sun kuma san in ba su karya kuɗi ba babu mai shiga sabon wuri. Adon da suke yi yana da kyau, ni ma nakan tsaya in kalla ta gilashi.

'Yan matan da ke zuwa wurin Goggo suka koma can. Wasu su wuce ta gabanta suna duba waya, wasu su zagaya ta bayan layi don kunya. Tukunya ta tafasa ta huce ba a taɓa kayan ba. A daidai lokacin mai gidan ya ƙara kuɗin haya. Ɗanta, wanda yake tuƙin motar haya, ya zo ya zauna a kujerar baƙi ya yi mata magana ta hankali. Ya ce zamani ya canza, mutane suna so su san kuɗi kafin su zauna, ko ta daidaita da na 'yan matan ko ta rasa shagon. Tsoro ne ya sa shi faɗa, ba ya so ya ga uwarsa zaune a gida babu sana'a. Ni ma da labarin ya zo min hankalina ya tashi, domin in ta rufe ban san inda zan kai ƙafafun Umma ba.

Goggo ta rage kuɗi. Ta sa telar ta rubuta mata kuɗi a kwali, ɗaya ga kowa, ta liƙa a ƙofa. Mutane suka dawo, har da waɗanda ba su taɓa leƙowa ba. Benci ya cika. Umma ta yi ta murna, ta ce ashe tana da rabon ganin ranar da Mai Tsada za ta tuba. Sai dai kuɗin da ya ragu rabi yana neman ƙafafu ninki biyu kafin haya ta fito, rana kuwa ba ta ƙara tsawo ba. Tafasa kaya Goggo ba ta taɓa fasawa ba. Abin da ta rage shi ne jiƙo. Ƙafa ta ɗan taɓa ruwa sai a ciro ta, domin ga wata can tana jira tana karkaɗa ƙafa.

Muka zo a ranarmu muka tarar da layi. Da aka zo kanmu, ruwa bai gama shiga farcen Umma ba Goggo ta ɗora ƙafar a cinya. Farcen babban yatsa yana nan da taurinsa. Ta matsa almakashi, farcen ya ƙi yankuwa, ya tsage ya bi ta gefe ya tafi da nama. Na ga jini yana bin tawul. Umma ba ta ji komai ba, tana ta ba matar da ke kusa da ita labarin tsadar gawayi, tana dariya. Goggo ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta danne wurin da auduga, ta ba matan benci haƙuri ta ce su tashi, ta rufe shago da rana tsaka, ta tare mota muka nufi asibiti. A hanya Umma tana ta cewa a kan wannan ɗan abin ake tayar da hankali, ita da ta haihu a tsaye. Goggo kuwa tana danne wurin da auduga. Ƙafar tana kan cinyarta har muka isa.

Ciwon ya ƙi warkewa da wuri. Ya kumbura, ya yi ruwa, gefensa ya fara duhu. Nas ta ce in bai juya ba za ta tura mu wurin likitan tiyata. Na san ma'anar wannan, Goggo ma ta sani, Umma ma ta sani duk da tana nuna ba ta damu ba. A makonnin nan, kullum kafin ta je ta ɗora tukunyarta, sai Goggo ta biyo ta gidanmu. Ta tsuguna ta kwance bandeji ta duba, ta wanke yadda nas ta nuna mana, ta naɗe, ni ina riƙe mata roba. Umma ta gaji da ganin fuskarta a murtuke. Wata safiya ta ce mata don Allah ta saki ranta, almakashi ne ya zame, babu hannun da ba ya kuskure.

"Hannuna bai zame ba, Maman Shiru," in ji Goggo. "Kuɗin da na rage ne ya yanke ki. Na sayar da aikina da araha, sai na je na ciro cikon a jikinki."

Allah ya taimake mu ciwon ya juya, nama ya fara cikowa. Ranar da nas ta ce ya kama hanya, Goggo ta koma shago ta ɓalle kwalin daga ƙofa. Ta mayar da kuɗinta yadda yake, ta ɗan ƙara a kai, domin ta ce tun can da ma ba ta sa kananzir da sabulu da bayanta mai ciwo a ciki ba. Ta raba shagon biyu da labule, telar ta shigo da kekenta suna raba haya. Ta tattara kwalaben jan farce da faratan roba a leda, ta tsallaka titi da kanta ta ba 'yan matan. Daga ranar duk wadda ta zo neman ado sai ta nuna mata tsallake, ta ce can sun fi ta iyawa kuma sun fi ta sauƙi. Ita ta tsaya a kan aikin da su ba su da lokacinsa: ƙafafun tsofaffi da masu suga, farcen da ya shige nama, fason da ya tsage har yana jini.

Ɗanta ya ce da hannunta ta kashe kasuwarta. Benci ya koma wayam. Da muka je karon farko bayan warkewa, Umma ta jiƙa ƙafa har yatsu suka yi laushi, Goggo ta duba ta faɗi sabon kuɗi. Umma ta riƙe haɓa.

"Ke Mai Tsada, ki ji tsoron Allah. Ki yanke ni, kuma ki ƙara min kuɗi?"

"Don kada in sake ne."

Maganar gaskiya kuɗin ya fi ƙarfinmu. Umma ta daina aiki, ni kuma wanke-wanke nake yi a gidan abinci. Na yi ta juya abin a raina na kasa furtawa, amma Goggo ta karanta a fuskata. Ba ta rage mana ba. Ba ta kuma ce za ta yi mana kyauta ba, domin ta ce wadda aka yi wa kyauta kunya ce take hana ta dawowa, sai ta koma gida ta ɗauki reza. Cewa ta yi in matso. Ta tashi ta ba ni 'yar kujerarta, ta sa min magogin farce a hannu, ta kama hannuna da nata. Ta nuna min yadda zan riƙa goge bakin farce a kwance, ta hanya ɗaya, kada in kuskura in shiga kusurwa. Ta nuna min yadda zan tsane tsakanin yatsu, da inda ake shafa mai da inda ba a shafawa, da irin kalar da in na gani zan kawo Umma a ranar ko da ba lokacinmu ba ne. Ta ce in ina yin haka a gida farcen ba zai yi saurin kauri ba, maimakon mu zo duk wata sai mu riƙa tsallake ɗaya. Zuwan ya ragu, kuɗin kowane zuwa yana nan yadda ta yanka, mu kuma muka iya.

Haka ta yi wa gidaje da yawa. Telar ta ce daga bayan labule tana jin ta tana koya wa 'ya'ya da jikoki da surukai. Ta ce har da wani dogon dattijo da ya kawo matarsa mai shanyewar ɓarin jiki, ya naɗe a 'yar kujerar nan gwiwoyinsa sun kusa kai kunne, yana koyon goge farce, Goggo tana yi masa faɗa kamar ɗan makaranta, matar tana dariya da rabin baki.

Kada in yi ƙarya, benci bai sake cika ba. Goggo ba ta yi arziki ba, akwai watannin da haya da ƙyar ta fito. Amma shagon bai rufe ba. Nas ta ci gaba da turo mata masu suga, waɗanda suka zo kuma suka riƙa kawo yayyensu da maƙwabtansu. Kuma tun daga kan yatsan Umma, jini bai sake taɓa tawul ɗinta ba.

Ƙaramar cikin 'yan matan tsallake, wadda muke kira Mai Fitila, ita ce ta fara tsallakowa. Wata tsohuwa ce ta shiga shagonsu saboda araha. Yarinyar ta cire mata safa ta ga faratan, ta mayar mata da safar ta riƙo ta har wurin Goggo. Ta tsaya a kansu tana kallo har aka gama. Bayan nan duk lokacin da ba su da mutane sai ta zo. Ta gaya wa Goggo cewa suna wuni ba sa ɗaga kai, fatar hannunta duk ta tsattsage da ruwan cire jan farce, amma in wata ya ƙare abin da ya rage mata ba ya isarta komai. Suna kuma tsoron ƙarawa, domin an sake buɗe wani shagon a ƙasan layi da ya fi su araha. Goggo ba ta yi mata wa'azi ba. Tawul ta miƙa mata ta ce ta shimfiɗa a cinya.

A bana idon Goggo ya fara hazo, tabarau ya daina isarta. Da ta lura tana kai fuska kusa da ƙafa fiye da da, ba ta jira wani abu ya faru ba, ta ce ta gama. Mai Fitila ta bar wa abokiyarta shagon gilashi, ta karɓi rabin shagon Goggo da kayan cikinsa.

Shekaranjiya ne ranar Umma. Goggo ta zo ta zauna a benci kamar baƙuwa, hannu a cinya. Mai Fitila ta bar ƙafar ta jiƙu sosai, ta ɗora ta duba, ta daɗe a kan babban yatsan nan mai tabo. Da lokacin faɗin kuɗi ya yi sai ta daburce. Ta dubi Umma, ta dubi mayafinta da ya koɗe, ta faɗi wani kuɗi ƙasa da na Goggo, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce ai ita sabuwa ce. Na saci kallon Goggo. Ta kafa wa bango ido. Umma ce ta janye ƙafarta ta mayar cikin ruwa.

"'Yar nan, ni na san abin da araha ta so ta ci min. Faɗi kuɗinki na gaskiya, in yi miki tsiya in biya. Haka muke yi a nan."

Yarinyar ta faɗa. Umma ta yi mata tsiya son ranta, ta ce ashe tsadar a jikin kujerar take, duk wadda ta zauna sai ta ɗauka. Sannan ta miƙa ƙafa, aka yi mata aiki a natse, ta kwance bakin zani ta biya cif. Goggo ta cire tabarau tana goge ido, ta ce hayaƙin risho ne.

Ina roƙon duk mai sana'ar hannu da wannan rubutu ya isa gare ta, mai gyaran farce ko mai kitso ko mai ɗinki, in maƙwabciyarki ta karya kuɗi, ki zauna ki duba abin da za ki cire a aikinki kafin ki bi ta. In abin da za ki cire zai taɓa jikin mutum, ki tsaya inda kike, ki nemi wata dabarar kamar yadda Goggo ta nema. Mu kuma masu zuwa a yi mana aiki, in kuɗi ya yi mana nauyi mu tambayi abin da ke cikinsa kafin mu tsallaka titi.

Goggo, uwar masu haƙuri, na gode. Ke ce kika yi kuskure sau ɗaya kika ƙi ɓoye shi, kika gyara sana'arki a kansa, ko da kasuwa ta juya miki baya. Ke ce kika ɗora hannunki a kan nawa kika koya min kula da uwata. Allah ya ƙara miki hasken ido, ya hutar da bayanki, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe iyayen mutane. Umma ta ce in gaya miki gobe tana nan tafe gidanki hira, kuma kada ki turo ɗanki da mota, da ƙafarta za ta zo.